Dutsen Murhu Mai Ƙafa

Jama'a! Yau Baba ya kai mu bakin kogi, bayan Rafin Guza, wai mu sha iska mu yi girki a fili. Mama ta ce, "Hadiza, haɗa murhu." Na jera duwatsu uku, na ɗora tukunyar dafa-duka, na hura wuta.

Sai dutse ɗaya ya fito da kai! Wallahi ya kama tafiya! Na kurma ihu, "Mama, aljani!" Tukunya ta kife, shinkafa duk a ƙasa.

Yaya Sani ya leƙa, ya fashe da dariya. "Ke, matsoraciya, kunkuru ne!"

Baba ya ce, "Ku bar shi, ya gaji da ɗaukar tukunya."

Gayan burodi muka ci. Kunkurun kuwa ya dawo yana cin shinkafarmu!