Kunkurun da Na Ƙi Sayarwa

Ni dillalin dabbobi ne, kuma ba gadon sana'ar na yi ba, da tunkiya ɗaya na fara. 'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, lokacin da gyaɗa take tashe, ba Alhamis ɗin da za ta wuce ban ci kasuwar Maigatari ba. Gidana a Gumel ba ya rabuwa da dabba, sai dai ba wadda take daɗewa. Yara su saba da ɗan akuya har su raɗa masa suna, wata safiya su tashi su tarar da turke wayam.

Babbar 'yata sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake kiran ta. Tana da shekara bakwai na sayar da wani farin rago da ta yi wata huɗu tana ba shi dusa da hannunta. Ba ta yi kuka ba. Taryata ta daina yi. Da, in na dawo daga kasuwa, ita take fara rugowa ta karɓi sandata. Yanzu da ta ji sallamata sai ta shige ɗaki. Na ce zan kawo musu dabbar da ba zan taɓa sayarwa ba.

Ta ce, "Baba, haka ka ce a kan ragon."

Gaskiyarta. Na kuma san halina: duk abin da yake da kasuwa, ranar da aka taya da kyau zan sallama. Sai na shiga neman dabbar da ba a layya da ita, ba a tatsar ta, ba a ɗora mata kaya. Wani ya kawo mini kififiya daga kududdufi, na ƙi. Tana da cizo, ga son ruwa, mu kuwa rijiyarmu sai da doguwar igiya.

Wani dattijon Bafulatani da nake sayen tumaki a wurinsa shi ya raba ni da wahala. Wata Alhamis ya zazzage mini kunkuru uku daga buhu, a dajin arewa ya tsinto su. Na tsuguna na duba su yadda nake duba rago: nauyi, ido, ƙafafu, ko ƙoƙon bayan ya tsage. Ban ankara ba na kama kan ɗaya ina ƙoƙarin buɗe bakinsa.

Dattijon ya yi dariya har malafarsa ta faɗi. "Kai Kaɗo, haƙori kake nema? Ko kakansa ba shi da shi!"

Ya ce in bar babban, zai tone mini gindin katanga. Ƙaramin kuma shaho zai ɗauke. Na ɗauki na tsakiya, mai girman ƙwaryar sha, wanda da na taɓa shi ya ja kansa ciki da ƙarfi. Dabba mai lafiya ke nan. Ya ce ciyawa da harawa da ɓawon guna sun ishe shi. Ya ƙara wata magana kan lokacin zafi, amma an shigo da wasu tumaki, hankalina ya koma can.

Yara suka yi murna, Uwata kuwa tana ba shi abinci tana kallona ta gefen ido.

Bazara ta shigo, sai ga wani mai magani a zaurena. Ya ji labarin kunkurun, ƙoƙon bayan yake so, kuma rago sukutum zai ba ni a madadinsa. Daidai lokacin Uwata ta kawo wa baƙo ruwa. Ta ajiye, ta koma ciki da sauri, ba ta tsaya ta ji amsata ba. Na leƙa ragon. Rago ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Malam, ba na sayarwa ba ne." Tun da na fara sana'a bakina bai taɓa furta wannan magana da gaske ba.

Kwana biyu bayan haka kunkuru ya ɓace.

An duba madafa, an duba ƙarƙashin gado, an duba turke, babu. Uwata ta ƙi tuwo. Na rantse mata ban sayar da shi ba, ta ce, "Na ji lokacin da ya ce rago." Har mahaifiyarta sai da ta ja ni gefe ta ce, "Maigida, tsakaninka da Allah?" Rantsuwar dillali ba ta da nauyi ko a gidansa, ranar na san haka.

Na zauna a inuwa ina ta juya abin, sai maganar dattijon nan ta dawo mini: in zafi ya tsananta, ƙasa yake shiga. Na tashi na bi gidan ina neman wuri mafi sanyi. A bayan rumbu, inda rana ba ta kaiwa, na ga sabon yashi a tule da rami a gefensa.

Ban tona ba. In ni na fito da shi, za ta ce karɓo shi na yi daga mai maganin. Na kira ta, na ba ta buta cike da ruwa da ɓawon guna.

"Uwata, zuba a bakin ramin nan."

"Na me?"

"Ke dai zuba."

Ta zuba. Muka tsuguna, ƙannenta a bayanmu, rana tana dukan ƙeyata. Har na fara tunanin ramin gafiya ne. Can yashi ya motsa, kai ya leƙo, ya miƙa wuya, ya kafa baki a kan ɓawon kamar ba shi ya hana gida cin abinci ba. Yara suka fashe da ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Uwata ta ƙara tura masa ɓawon. Alhamis ɗin da ta biyo baya, tun ban sauka daga jaki ba na hango ta a ƙofar gida, hannu a miƙe tana jiran sanda.

Na sayar da dabbobin da ban san iyakarsu ba, wannan kaɗai ya tsira daga hannuna. Yana gidanta a Gagarawa yanzu, ya kai girman turmi, jikokina suna hawan bayansa.