Kawu Mai Saiwa

Kawuna, ƙanen Inna, ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen kiwon dabbobin da ba wanda ya taɓa gani da ido. Wasu na kiwon awaki, wasu kaji, shi kuwa bakteriya yake kiwo a cikin firji. A gida Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta gama cinye masa kai. A wurin aikinsa, wato tashar binciken noma da ke bayan gari, Mai Saiwa suke kiransa, don da wuya ka gan shi ba tushen shinkafa a hannu yana ɗigar da laka.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Na shiga aji, aji ya ƙi shiga kaina, muka rabu lafiya. Amma aikin Kawu na gane shi, don ya maimaita mini har kunnena ya yi kanta. Ya ce a cikin ɗan taɓon da ke manne da saiwar shinkafa akwai halittu rututu, ƙanana ƙwarai. Saiwa na tsatso musu ɗan zaƙi su lasa, su kuma su jawo mata abinci daga iska, su narkar mata da wanda ya daskare a ƙasa. Na ce, "Ashe 'yan haya ne, Kawu." Ya ce, "'Yan haya masu amfani, ba irinka ba."

Ɗakinsa na can ƙurya, tsakanin banɗaki da ƙofar baya. Taga ɗaya, firji mai nishi kamar tsoho mai ciwon gwiwa, tukunyar tururi da yake dafa kayan aiki a ciki, sai farantan gilashi jere a kan kanta. Zai tumɓuko shinkafa, ya kakkaɓe ƙasar, ya wanke wadda ta liƙe a ruwan da ya tafasa ya huce, ya ɗiga a faranti, ya rufe, ya jira. Bayan 'yan kwanaki sai ɗigo-ɗigo su fito, fari da rawaya. Ya ƙona bakin waya a wuta, ya tsinci wannan ya bar wancan. Shekara da shekaru yana wannan tsince-tsincen, har ya ware iri uku da ya ce su ne gwanaye. Idan yana maganarsu sai ka rantse 'ya'yansa ne da suka ci jarrabawa.

Ƙarin girma kuwa bai taɓa leƙo ɗakin ba. Kawu bai iya gaisuwar ofis ba. In babba ya faɗi shirme, a take zai ce masa shirme ne, ya koma wankin farantansa.

Ana nan sai aka kawo sabon Darakta, mai doguwar mota da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Ya zagaya tashar, ya ga ɗakin Kawu na kusa da inda manyan motoci ke sauke kaya, sai ransa ya biya. Ya ce wurin ya fi dacewa da sito na takin zamani. Kawu ya tayar da jijiyar wuya. Darakta ya ce to, an ba shi damina ɗaya. A kai ƙwayoyin halittun nasa zuwa gonakin mutane, in shinkafar da aka sa wa ta fi wadda ba a sa wa ba, ɗaki nasa ne. In ba ta fi ba, ya kawo makulli.

Kawu ya zaɓi ƙungiyar mata masu dashen shinkafa, wadda Inna ke shugabanta. A ganinsa, wa zai riƙe masa amana fiye da yayarsa? Ya cuɗa ƙwayoyin cikin wani baƙin gari mai danshi, ya ɗaure a ledoji, ya tara matan a gindin bishiya. Ina wurin, na zo kallo. Wayyo! Mutumin nan ya buɗe baki ya dinga zuba sinadari kaza da sinadari kaza, har mai goyo ta yi gyangyaɗi ta kusa danne ɗanta. Daga ƙarshe ya ce ranar dashe a dama garin a bokiti, a tsoma saiwar iri a ciki, sannan a dasa. Ya miƙa wa Inna ledojin duka, ya ce, "Yaya, a ajiye su da kyau."

Injin ban-ruwa ya lalace a makon, dashe ya ja baya, ledoji suka zauna a gidanmu. Da aka gyara, mata suka dama, suka tsoma, suka dasa, ba wadda ta yi ha'inci.

Shinkafa ta tashi. Wadda aka sa wa da wadda ba a sa wa ba, kamar an tsaga kara. Kawu ya dinga sintiri a kan kunyoyi yana tumɓuke-tumɓuke, yana shinshina saiwa, ya rame har wandonsa na neman guduwa ya bar shi. Tun kafin dashe ya roƙi motar tashar don ya riƙa zagaya gonakin, aka ce ba mai. Motar Darakta kuwa ban taɓa jin ta yi ƙishirwa ba. Aka yi girbi, aka auna, babu bambanci.

Wata rana da la'asar ya zo gidanmu ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna, ta ba shi shayi ya riƙe bai sha ba. Ita kuma ta shiga lallashi.

"Ka yi haƙuri, Auta. Ni dai Allah ya gani na kula da maganinka. Da na buɗe na ji shi jiƙe sharkaf, na ce yaron nan garin sauri bai bari ya bushe ba. Ai da na bar shi da ya yi funfuna. Na baza shi a tabarma a tsakar gida, ina juyawa ina korar kaji, sai da ya sha rana ya bushe ƙarau sannan na mayar."

Kofin ya kuɓuce daga hannun Kawu.

"Kin yi me?"

"Na shanya."

"A rana?"

"A'a, a wata. Ina ake shanya in ba a rana ba?"

"Yaya, masu rai ne! Masu rai! Kin gasa su!"

"Kai, kar ka ɗaga mini murya, ni na goya ka. Ka ce masu rai ne?"

"Sai an ce? Ana ce wa mutum kada ya dafa ɗan tsako?"

"Ɗan tsako na kuka, naka na kuka? Tun da aka haife ni, duk abin da ake so ya daɗe shanya shi ake yi. Hatsi, barkono, tufafi, har katifar da ɗan nan ya yi ta jiƙawa yana yaro." Ta nuna ni. Na ce don Allah a bar ni a gefe. Ta ci gaba, "Wane abu ne ake ajiyewa jiƙe? Ka ce a ajiye da kyau, na ajiye da kyau!"

Wallahi ranar ban san wanda zan fara shaƙewa ba. Mutum ya tsaya ya yi ta surutu har inuwa ta juya, amma "kada a sa a rana" ta gagare shi. Don shi a kansa duk duniya ta san abin da ya sani. Ita kuma ta ga baƙon abu, ƙanenta na nan da ransa, ga waya a hannunta, amma ba za ta tambaya ba, don ita ce babba.

Inna ba ta yi barcin kirki ba. Da safe ta ce in ari babur in kai ta tashar. Ta shiga ofishin Darakta ba ta jira an ce ta shigo ba, ina biye. Aka kira Kawu. Ta tsaya ta faɗi komai, tabarma, kaji, rana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na abinsa ba. A ƙara masa damina ɗaya."

Darakta ya yi dariya har da buga tebur, ya share hawaye, ya ce, "Mama, kin kyauta. Kin ma sauƙaƙa mini aiki." Ya juya ga Kawu. "Mai Saiwa, 'yar'uwarka ciki ɗaya, mai sonka, ta kashe su da hannunta. To wa zai raya su? Matar da ba ta san ka ba? Takin buhu kuwa, ko a rana ko a inuwa, taki ne."

Na ce, "Oga, da ka ba shi mota ya leƙa sau ɗaya, da ya tarar da tabarmar. Ko man ya ƙare ne wajen kai Madam kasuwa?" Mai gadi ya fitar da ni da wuyan riga. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, a cikin maganar mutumin nan akwai 'yar gaskiya, kuma a bakinsa ta ga dama ta sauka.

Aka ce a kwashe ɗakin kafin motar taki ta iso. Na ce wa Kawu mu ɓoye ko kwalba ɗaya ta ƙwayoyin mu kai gida. Ya ce, "A sa a firjin wa? Da wutar da ke zuwa kamar baƙo?" Wani ma'aikaci ya ce a tuttular a kwata kawai a huta. Kawu ya daka masa tsawa, ya ce ba a zubar da su haka. Da kansa ya jera kwalaben a tukunyar tururi, iri ukun nan duka, ya ɗaure murfi tamau, ya kunna. Inna na tsaye a bakin ƙofa. Da tukunyar ta fara huci sai ta toshe kunnuwanta ta fita.

Ba su kore shi ba, wai don tausayi. Sun bar shi a ɗakin, shi ne mai rabon taki yanzu. Buhuna har rufi, shi kuma a kan kujera a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo karɓa sai ya tsayar da shi, fuska a murtuke, ya ce, "Wannan taki ne. Ba a ci. Ba a ba yara. Ba a dafawa. Kada ruwa ya taɓa shi. An gane, ko in sake?" Mutane na ta ƙorafi wai Mai Saiwa ya raina musu hankali.

Makon jiya layi ya zo kan Inna. Na zata zai ɗaga mata ƙafa. Ina! Ya karanto mata duka, tun daga "ba a ci" har ƙarshe, bai dubi fuskarta ba.

Ta ce, "Na gane, Auta."

Ya ce, "Na gaba."