Lofen da Na Saya wa Kaka

Jiya a kasuwar Kafanchan na wuce mai zuma yana narka kaki. Ƙamshin nan bai dire ni ko'ina ba sai tsakar gidanmu na Samaru Kataf, gaban kakar mijina.

Ina sabuwar amarya na sayo mata lofe, don na ga ba ta rabuwa da taba. Ta cika shi, ta ɗora garwashi, ta ja har kumatunta suka lotsa. Hayaƙi ya ƙi zuwa baki, sai ga shi yana tsiyaya ta wata tsaga a mahaɗin karan. Matan gida suka kwashe da dariya. Kunya kamar in nutse, na miƙa hannu na ce, "Kaka, kawo in mayar wa mai shi."

Ta buge hannuna. "Zauna, amarya."

Ta sa wayar keke a murhu har ta yi ja, ta zura cikin karan, yana ƙauri. Sannan ta naɗe tsagar da zare, ta murje shi da kakin zuma. Da ta ja, hayaƙi ya taho lafiya lau.

Ta ce, "Sabon abu ba ya zuwa daidai. A gidan nan ba mu mayarwa." Matan take kallo tana faɗin haka, dariya kuwa ta ɗauke.

Da lofen nan ta sha taba har ƙarshen ranta.

Kaka, Ubangiji ya karɓe ki yadda kika karɓe ni.