Sandar Lantarkin da Na Gwada a Guangzhou

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da wani maƙwabcina na kasuwa mai sarin kayan waya, muka bi ta Legas. Ni tocila da kwaɗo nake sayarwa, kuma gwiwoyina sun fara gaya mini wannan zirga-zirgar ta kusa isata. Amma wannan karon da saƙo na tafi. Kansilan mazaɓarmu ya zo har rumfata ya ce ƙaramar hukuma za ta yi wa 'yan sintirin unguwa kayan aiki: tocila, usur, takalma, rigar ruwa. Da zai tafi ya rage murya ya ƙara da kaki irin na soja, da hular kwano, da sandar nan mai jan mutum da lantarki. Ya ce in na kawo, duk sayayyar sakatariya ta hannuna za ta riƙa bi. Kasuwa ta yi sanyi bana, ban tsaya tambaya ba.

Tun daga biza na san tafiyar ba irin ta da ba ce. Wasannin Olamfik ake shiri a Beijing, amma mu da ko ƙwallo ba ma kallo mu muka sha wahalar. A filin jirgin Baiyun na Guangzhou ga 'yan sanda da manyan bindigogi, ga karnuka suna shinshina jakunkuna. Nawa kilishi ne da yaji, karen ya daɗe a kaina har na fara salati. A waje kuma zafin nan nasu mai ɗanko, kana wanka kana gumi.

Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke sauka, ta rage mutane. Da yawa an hana su sabunta biza sun koma gida, masauki kuma ya ƙara kuɗi ba kunya. Tuwon da wata baiwar Allah 'yar zangon Kumasi take yi a wani bene yana nan, sai dai malmalar ta ƙanƙance. Da rana taliyar Musulmin ƙasar nake ci, wadda ake ja da hannu, don ita kaɗai cikina ya yarda da ita.

Wata rana ina fitowa daga cin taliyar aka tare bakin layi ana duba fasfo. Motoci baƙaƙe, garkuwa, hular kwano. Takarduna lafiya lau, ba wanda ya taɓa ni, an duba an miƙo mini. Na mayar da fasfon aljihu. Sai na tuna mai shayin bakin layinmu, dattijo sa'ana, wanda 'yan sintiri suka karya wa hannu bara da gora saboda ya ƙi tashi da wuri. Gora kawai. Har yau da hagu yake juya shayi, kuma ba a kira kowa an tambaye shi ba. Daga ranar barci ya ƙi mini daɗi.

A benen kasuwa na Tianxiu na je wurin ejan ɗina, mutumin Maraɗi, wanda ke loda mini kaya. Na gaya masa saƙon. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Kai Elhaj, mi za ka yi da kayan soja? Juyin mulki za ku yi a unguwa?"

"'Yan sintiri ne. Kansila ya aiko."

"Kaki kam ban ɗauka, kwastan su riƙe min kwantena. Sandar kuma, wa za ya riƙe makullin ɗakin da za a aje ta? Kansilan?"

Na ce ban sani ba. Ya ce to in je in gani da idona, ya kwatanta mini shago.

Shagon cike yake da kayan masu gadi, har da ankwa da rigar sulke a jikin gunki. Lawban, wato mai shagon, ya ɗauko sandar. Baƙa ce, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, da ƙarafa biyu a baki. Ya danna ta yi ƙara tat-tat-tat. Ni kuma ina da ɗabi'a, duk Kano an sani: ba na sarin abin da ban gwada ba. Tocila sai na kunna, kwaɗo sai na buɗe na rufe. An sha sayar mana da abin da ƙara kawai yake yi. Na naɗe hannun riga. Lawban yana ɗaga hannu yana "meyo, meyo", na ɗauka ciniki yake ja, ashe a'a yake ce mini. Na ɗora a damtsena na danna.

Ban san lokacin da na faɗi ba. Na farfaɗo cikin kwalaye, hulata a can, harshena na cije, matar lawban tana yi mini fifita da kwali. Maƙwabcina kuwa dariya har da riƙe ciki, yana cewa, "Alhaji, orijinal ce ko jabu?" Na ce orijinal ce, Allah ya isa.

Da na dawo hayyacina na nuna wa lawban wasu tsofaffi masu ɗaure da jan ƙyalle a hannu da ke zaune bakin layi suna gadin unguwa, na nuna sandar, wai ko suna riƙe irinta. Ya girgiza kai: meyo. Su ido ne nasu, in sun ga abu su kira hukuma. A ƙasar da ake ƙera abin ke nan. Mu kuma za mu miƙa wa samarin da kansila ya tara lokacin zaɓe.

Na sayi tocila masu kyau, da usur, da takalma, da rigar ruwa ruwan ɗorawa wadda ko makaho ba zai ce ta soja ce ba. Na leƙa kasuwar tufafi ta Baima na yi wa iyali tsaraba, na kamo hanya. A jirgi ban runtsa ba, ina ta shirya abin da zan faɗa.

Bayan na huta aka kira ni sakatariya. Ciyaman yana nan, da kansila, da shugaban 'yan sintiri. Kansila ya ce, "Alhaji, ina sauran kayan?" Na naɗe hannun riga na nuna musu ɗigo biyu baƙaƙe a damtsena. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga samfur. Ni ƙato ne, ta kayar da ni. Kafin in kawo irinta unguwarmu, a gaya mini wa zai riƙe makullin sito, wa zai san wanda ya fita da ita, kuma wanda aka ɗana wa ba laifi ƙofar wa zai buga. 'Yan sanda ma sun san da maganar?" Ciyaman ya kalli kansila, kansila ya kalli fanka. Shugaban 'yan sintiri ya ce ai yaransa masu hankali ne. Na ce a je a tambayi mai shayi.

Sayayyar sakatariya dai ta wuce ni, kansila ma ya daina amsa sallamata. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sayen kayan tsoratarwa ba wuya, ko ni da ban yi boko ba zan cika kwantena. Wuyar ita ce a sami wanda zai tsaya a kansu, wanda za a iya kama shi da magana in an yi ɓarna. A wurinmu ban gan shi ba tukuna.

Jiya na ji an ba wani ɗan kasuwar saƙon, bayan sallah zai tafi. Na same shi a rumfarsa. Ban hana shi ba, ba ni da ikon hanawa. Na ce masa abu ɗaya nake roƙo: kafin ya biya, ya naɗe hannun riga.