Kitson Fitar Takabar Yaya Azumi

Har yau ranar da Yaya Azumi ta fita takaba ba ta bar zuciyata ba, ko da yake na haura shekara arba'in ina kitso, kuma kawunan da suka bi ta tsakanin gwiwoyina Allah kaɗai ya san yawansu. Ku 'yan matan da kuke koyo a wurina kun sha tambayata me ya sa nake hana ku cire wa mace ɗankwali da hannunku. Nakan ce muku dai kada ku yi. To, tunda ajin yaƙi da jahilci ya sa na iya riƙe biro, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni wurin Gwaggo Dije, ƙanwar babana, ita ce makitsiyar ƙauyenmu nan kusa da Ɗanbatta. A wurinta ba a fara da kitso. Sai kin shekara kina tsifa, wato warware tsohon kitso, sannan wankin kai da karkashi, sannan taje. Bayan nan ne za a ba ki tsinke ki koyi tsaga, kuma ba za ki kama gashi ba sai tsagarki ta miƙe kamar kunyar gyaɗa.

Yaya Azumi maƙwabciyarmu ce, ta girme ni da shekara biyar. Ban ga mace mai gashinta ba a duk karkarar nan. Baƙi wuluk, ga cika, in an tsefe shi sai ya kwanta mata a gadon baya. Gwaggo takan ce kan Azumi aikin wuni guda ne, ba a haɗa shi da daka. Da za a kai ta gidan Malam Sale, a gabana aka ɗaura mata doka, tudun kitson nan na tsakiyar ka da yanzu sai dai ku gan shi a tsohon hoto. Mata har daga wasu ƙauyuka suka zo kallo.

Da idon Gwaggo ya yi rauni, kan ya dawo hannuna. Na yi mata ƙananan kitso tana sabuwar amarya. Na yi mata shuku duk ranar suna, sau bakwai. Da 'ya'ya suka yi yawa, ga sussuka ga surfe, ta ce, "Uwani, rage mini, ki yi manya waɗanda za su kai ni wata." Furfurarta ta farko ni na gano ta, a bayan kunnen hagu. Ta ce in tsige, na tsige. Bayan shekara biyu muka daina tsigewa, don mun ga abin ya fi ƙarfinmu, muka yi ta dariya.

Sai Malam Sale ya kwanta ciwo, ya kusa shekara. Ita ce jinya, ta daina zuwa kitso, 'yarta Hajara ke kama mata kitso ko guda huɗu a ɗaki. Ya rasu da kaka, ana cirar gyaɗa. Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, babu ado babu kwalliya. Kuma a nan wurinmu tsofaffi sukan ce mai takaba ba ta duba madubi. Malamai sun ce wannan ba ya cikin littafi, amma ita ta bi na tsofaffi, aka kife madubin a ƙasan akwati. In kun haɗa lissafi, na fi shekara ban ga kanta ba. Wannan ne ban tsaya na tuna ba.

Yadda ake yi ranar fita, mace takan yi wanka, a yi mata kitso da lalle, ta sa sabon zane, a raba sadaka. Da la'asar kuma tsofaffi su raka ta gida gida ta yi wa mutane godiyar zaman makoki. Daga ranar ta dawo cikin jama'a ke nan. Wadda ba ta fito ba, sai a yi ta tambaya ko lafiya.

Ranar Alhamis ce, zafi ya fara shigowa. Na isa da hantsi da tsinkena da matsefi da ɗan man kaɗanya. Tsakar gidan cike da mata, ana suyar waina, mai lalle tana kwaɓi. Na ja kujera zuwa inuwar darbejiya, na shimfiɗa tabarma kamar yadda na saba, na ƙwala wa Yaya Azumi kira.

Ta fito ta tsaya a kaina. A hankali ta ce, "Uwani, ko mu shiga daga ciki?"

Na ce, "Haba Yaya, ɗakin nan naki ko tafin hannuna ba na gani, balle tsaga. Zauna nan, ga haske ga iska."

Kun san makitsiya da son haske. Ta zauna. Ina ba wata amsar magana a gefe, hannuna ya kai ga ƙullin ɗankwalin ya zare shi, yadda ya yi mata sau ɗari.

Gaban goshin ya ja baya sosai. Tsakiyar kan fata ce kawai take sheƙi. Ɗan abin da ya rage a gefe da ƙeya fari fat, mai laushi kamar audugar rimi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Innalillahi! Yaya, ina gashin?"

Da ƙarfi na faɗa. Mai juya waina ta tsaya da tsinke a hannu. Duk gidan aka juyo ana kallo. Wata yarinya daga bayan rumbu ta ce, "Wayyo, ashe haka ta koma." Yaya Azumi ta lalubo ɗankwalin a kan cinyata, ta ɗaura, ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Can sai Hajara ta fito idonta ja, ta ce, "Inna ta ce a sallami mai lalle. Kanta ke ciwo, ba inda za ta."

Baba Kande, yayar marigayin, ita ce babba a gidan, tana zaune a kan turmi tana gyaran goro. Ta dube ni ta ce, "Uwani, Dije ce ta koya miki haka?" Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na je bakin labulen na yi sallama sau uku kafin ta amsa. Na shiga na zauna a ƙasa daga gefen gado. Sannan na ce, "Yaya, na yi laifi, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba ki yi ƙarya ba ai."

"Ko da gaskiya ce, ba wurin faɗarta ba ne."

Ta yi ajiyar zuciya. "Hannuna yana gaya mini tun tuni, duk na taje sai in cika tafi. Amma ina ce wa kaina bai kai haka ba, tunda ban gani ba. Wata huɗu ban duba madubi ba, Uwani. Yau na duba a bakinki, gaban surukaina da jikokina. Yanzu duk gidan da na shiga godiya, labarin ya riga ni. Ba ni za su duba ba, ɗankwalin za su duba."

Abin da na iya shi ne aiki, sai na ce ta bar ni in gwada, a nan ciki, in bai yi mata ba in tsefe. Na ɗage gefen labulen kaɗan haske ya shigo, na zauna na jira. Da kanta ta sauko ta juya mini baya, da kanta ta kwance ɗankwalin.

Na ajiye tsinke, don zai ji wa fatar ciwo. Da yatsa na yi tsaga. Na murza man kaɗanya ya narke a tafina na shafa a hankali. Ina shafa goshin nan sai na gane ba tsufa da jinya kaɗai suka cinye shi ba. Shekara nawa ina ɗaure mata gaban nan tamau don a ce kitson Uwani ba ya warwarewa. Na gaya mata haka. Ta ce, "Ni ma ai ni ke cewa ki ja."

Na ɗauko gashin gefe na kwantar da shi bisa tsakiya, sako-sako, ba ja ba tsanani.

Ta ce, "Doka kike ɗaura mini ne na ji shiru?"

Na ce, "Ita ce, Yaya, sai dai ta bana ce."

A nan ta yi dariya, ta farko tun shigata. Da na gama ta kai hannu ta ƙirga. Kitso guda biyar. Ta kira Hajara ta ce a fito da madubi. Ta goge shi da gefen zane, ta daɗe tana kallo, ta juya dama ta juya hagu.

"Ikon Allah," ta ce. "Ga Innata. Har goshin, har furfurar. Ashe nan na nufa tun tuni ban sani ba."

Sai ga Baba Kande ta ɗaga labule ba sallama. "Ku nuna mini abin da ake wa kuka." Ta leƙa kan, ta ƙirga da yatsa. "Biyar? Ke Azumi, don biyar za ki hana mu cin waina?" Ta fizge nata ɗankwalin. "Duba nan. Uku ne, ɗayan ma aro yake nema. Kuma ni na ga dokarki, tawa ta fi ta tsawo. Tashi, lalle yana bushewa."

Yaya Azumi ta tashi. Ta fito tsakar gida da ɗankwalin a hannu, ta zauna ta miƙa ƙafa aka sa mata lalle, sai da aka gama sannan ta ɗaura. Da la'asar muka raka ta, ba gidan da ta tsallake. Na ci gaba da yi mata kitso har shekara shida, a bakin ƙofar ɗakinta, biyar suka koma huɗu, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya ji ƙanta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, matar da ta zauna a gabanki ta juya miki baya, ta ba ki abin da ko ita ba ta gani. Kan da kika yi wa kalaba yana yarinya ba shi ne zai dawo miki bayan shekara talatin ba. Ki tambaye ta inda take so ta zauna. Ki bari ta buɗe da kanta. Abin da kika gani kuma, hannunki ya san da shi, bakinki ya yi shiru. Kuma ku sassauta wa 'yan mata gaban goshi, ko sun ce ku ja, don za su nemi gashin nan wata rana.

Ni ma yanzu 'yata Sadiya ke yi mini. Makon jiya ta gama na kai hannu na ƙirga, takwas. Ba ta ce komai ba, na ji daɗin tarbiyyarta.