Bukkar Attahiru a Bakin Tafki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, bakwai ga watan Rajab na shekarar 1347, Allah ya karɓi ran yayana Malam Attahiru a gidanmu na Illela, bayan jinyar da ta faro tun kaka. Ni ƙanwarsa Ruƙayyatu nake wannan rubutu, kuma ba da sanyin zuciya nake yin sa ba.

Yaya, kowa ya san shekarun da ka yi kana yi wa Turawan awon iyaka tafinta. Ka dawo a gajiye, ba ka barci, ba ka son hayaniya. Abin da ka samo kawai akwatin hoto ne mai ƙafa uku, wanda wani Bature ya bar maka da zai tafi gida. Sai ka kafa bukkar zana a bakin tafki, ka ce can za ka huta. Mun sha yi maka tsiya, wai ɗan malamai ya bar zaure ya koma gadin agwagi.

Ranar da na kai maka fura ka zaunar da ni, ka lulluɓa mini baƙin ƙyallen akwatin. Sai ga gauraka a jikin gilashi, ƙafafu sama, kai ƙasa. Na ce, "Yaya, mi ya sa sunka kife?" Ka ce, "Haka akwatin ka gani. Yi shiru, kar su tashi." Na zauna har la'asar, ni da ban iya rufe baki ba. A bukkar nan barcinka ya dawo, dariyarka ta dawo, har ka koma tsara waƙoƙin yabon Mahalicci da ka watsar tun kana saurayi. Randarka ba ta taɓa bushewa ba saboda makiyaya. Ba ka taɓa ɗaukar hoton mutum ko gona ba, sai dinya da zalɓe da furen bado.

Yari, mai gonar albasa a gefenka, ya san wannan sarai, don a inuwar bukkarka yake shan iska. Amma yana son fadamar da bukkar take ciki. Ya kuma san mutane ba su manta da masu awo ba, waɗanda suka kafa wani abu mai ƙafa uku suka leƙa, da safe aka ce gonar wane ta koma ƙasar Faransa. Sai ya bi ƙauyuka yana cewa Attahiru auna gonaki yake yi, za a sake ja da iyaka. Ranar kasuwa, kana gari, mutane suka zo suka cinna wa bukkar wuta, suka farfasa gilasan hotunanka da taɓarya. Da ka dawo, toka kawai ka tarar. Daga ranar ka kwanta.

Mutanen ƙauyukan tsoro ya ɗebe su, na kuma yafe musu. Yari ba tsoro ya ji ba. Yanzu albasarsa ta yi kore a daidai inda kake shimfiɗa buzu.

Hoto guda ya tsira, na gaurakan nan, don ka ba ni shi. Na sa an rataye shi a zaure, duk mai zuwa gaisuwa ya duba da kyau ko zai ga gonar wani a ciki. Ranar sadakar uku Yari ya zo, ya kasa ɗaga kai. Ya aiko a ce mini, "Malama ta yi haƙuri, a yahe mani." Na amsa daga bayan ƙofa, yadda duk zauren zai ji: "Wanda ka yi ma laihi an rufe shi. Tai ka roƙe shi can." An ce na yi tsauri. Na yarda, kuma ba zan sassauta ba.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yalwata kabarinka, ya ba ka inuwa a bakin ƙoramun Aljanna inda babu mai tayar maka da tsuntsu. Allah ya ba matarka Shafa'atu da 'ya'yanka da dangi na Amarawa haƙurin rashi. Ya gafarta wa duk wanda ya taka ya zo mana gaisuwa, ban da mutum guda. Shi kam, Allah ya isa tsakaninmu da shi, duniya da lahira.