Rariyar Dona Valdete

Shekara arba'in Dona Valdete ta yi tana tankaɗe garin rogo a ƙauyensu da ke gindin tudun rairayi, a bakin kogin São Francisco. Da rariyar nan take kama magatakarda, ɗan siririn ƙadangaren da ke iyo cikin rairayi yana barin sawu kamar rubutu. Masu bincike kan zo da shebur su datse shi biyu. Ita kuwa sai ta bi rubutun har inda ya ƙare, ta ɗebi rairayin wurin ta tankaɗe.

Ta daɗe tana cewa na ƙetaren kogi ba irin na gaɓarsu ba ne, ana yi mata dariya. Dakta Aristeu, mai binciken da ya sauka a ƙauyen, shi ma bai yarda ba.

"Ido ba ya raba jinsi, Dona Valdete. Kawo mini na can da na nan, kowanne a mazubinsa, in ƙirga ɓawon kansu. Amma motar Juma'a zan bi."

Ran Laraba ta kama biyar a gaɓarsu ta zuba a ƙwarya, ta sa mijinta, Seu Jurandir, ya ƙetarar da ita, ta kamo biyar na can a wata ƙwarya. A hanyar dawowa kwalekwalen ya fara yoyo. Jurandir ya juye ƙwarya ɗaya cikin ɗaya, ya hau kwarfe ruwa da wadda ba kome a ciki.

"Kai tsohon nan! Ka haɗe mini su!"

"To, mu nutse saboda tsutsa? Ai kin ce kina gane su."

"Ina gane su mana. Dakta ne ba ya ganewa."

"Gobe kam ba ni ba tuƙi, bayana ya riƙe."

"Wa ya gayyace ka?"

Ran Alhamis ta toshe ramin kwalekwalen da tsumma, ta tuƙa da kanta ta ƙetare. Iska ta share sawun, sai la'asar ta samu uku. Ta ɗaure bakin ƙwaryar da ɗankwalinta, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta har gida.

Da safiyar Juma'a Dakta ya ɗora su ƙarƙashin gilashin ƙara girma, kusa da na gaɓarsu da ta sake kamowa, ya ƙirga. Ya goge gilashin ya sake ƙirgawa, lissafin na can bai zo ɗaya da na nan ba. Direba yana ta danna oda a waje.

"Seu Jurandir, ce masa ya tafi," in ji Dakta, bai ko ɗaga kai ba. "Dona Valdete, kwalekwalen zai ɗauki mutum biyu?"

"Zai ɗauka. Kai za ka yi kwarfa."